"Mulkin Mallaka": Auna Kalmar a Sikelin Audugar Funtuwa da Malumfashi

Mai bishara da ke aiki a ƙauyukan Ƙafur ko Bakori ba zai daɗe ba sai wani ya gaya masa cewa addinin 'yan mulkin mallaka yake bi. Shi kuma watakila a makarantar da ya fito ya saba jin ana cewa damuwar Kiristan Arewa ita ce "mulkin mallakar Hausa-Fulani". Ɗansa da ke jami'a zai dawo hutu ya ce Bankin Duniya ne ke yi mana mulkin mallaka a yau. Kalma ɗaya ce, amma kowa da wanda yake jifa da ita, kuma a bakin su ukun ta fi kama da zagi fiye da bayani. Ma'aikacin ikkilisiya mai aiki da kalmomi ne, kamar yadda maƙeri yake aiki da ƙarfe. Bai kamata ya riƙa ɗaukar kalma mai nauyi irin wannan ba tare da ya san abin da ke cikinta ba.

Matsala ta farko ita ce mun ɗora wa kalmar kaya biyu. Turawa suna da kalmomi biyu, dukansu daga Latin. Ɗaya ta fito daga "colonia", wato garin da Romawa kan kafa a ƙasar da suka ci, su zaunar da mutanensu, galibi tsofaffin sojoji, su raba masu gonaki. Filibi irin wannan gari ne, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16:12 ya nuna, shi ya sa mutanenta suke tinƙaho da cewa su Romawa ne. Ɗayar kuwa, "imperialism", ta fito daga "imperium", ikon ba da umarni da ake danƙa wa shugaban yaƙi ko babban mai mulki. Ta farkon tana magana a kan zama a ƙasar wani. Ta biyun tana magana a kan miƙa hannun iko zuwa inda ba naka ba, ko ka je ka zauna ko ba ka je ba. Mu kuwa duka biyun mukan ce "mulkin mallaka", sai dai wani lokaci mai fassara ya ƙara da "mamaya" ko "danniya" ko "faɗaɗa daula".

Ita wannan kalma ta biyu ta sha sauya riga. A tsakiyar ƙarni na 19 Ingilishi sun yi amfani da ita don su soki salon mulkin Napoleon na Uku na Faransa. A shekarun 1870 'yan adawa suka jefi Firayim Minista Disraeli da ita, musamman da ya sa aka ba Sarauniya Victoria laƙabin sarauniyar daular Indiya a 1876. Kafin ƙarshen ƙarnin ta zama abin alfahari: mutane irin su Cecil Rhodes da Joseph Chamberlain ba su jin kunyar a kira su da ita. Sai a 1902 wani marubuci, J. A. Hobson, wanda ya je Afirka ta Kudu dab da yaƙin Ingila da Boer, ya rubuta littafi yana cewa masu jarin da kuɗi ya yi wa yawa a gida su ne ke tura gwamnati ta ci ƙasashe don su sami inda za su zuba shi. Lenin ya ɗauki wannan a 1916 ya ce abin shi ne matakin ƙoli na jari-hujja. Kwame Nkrumah a 1965 ya ce ko an sauke tuta an ba ƙasa 'yanci, za a iya ci gaba da juya ta daga waje ta hanyar bashi da ciniki. Daga nan muka sami "sabon salon mulkin mallaka". Saboda haka duk wanda ya furta kalmar a yau, ya sani ko bai sani ba, gadon muhawarar wasu yake ɗauke da shi.

Kalmar tamu ta Hausa ba ta da rauni. "Mulki" da "mallaka" saiwarsu ɗaya a Larabci, kuma idan aka haɗa su ma'anar ita ce mulkin da ke mai da wanda ake mulka ya zama kaya. Akwai ma wani wurin da Bahaushe yake amfani da "mallaka" wanda ya fi na masana kaifi. Idan aka ce an mallake wane a gidansa, ba a nufin an ɗaure shi ko an kore shi. Yana nan yana shiga yana fita, ana kiransa maigida, amma shawara ba tasa ba ce. Ku riƙe wannan ma'ana, don ita ce ta fi dacewa da abin da ya faru a yankinmu.

Kakanninmu da suka ga abin da idonsu sun fi cewa "zuwan Turawa" ko "zamanin Nasara". Wannan suna na biyu ya yi mana ɓarna mai yawa, domin "Nasara" asalinta Kirista take nufi, sai aka liƙa ta ga duk wani farin mutum, da Razdan da ɗan kanti da ɗan mishan. Tun daga nan aka soma ɗaure abin ga launin fata da addini, aka bar kallon aikin da aka yi.

Abin da aka yi da auduga

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, kuma a wannan shekarar suka shiga Katsina ba tare da an gwabza ba. Kafin ƙarshen 1906 sun tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. Amma idan mutum ya nemi irin abin da aka yi a Kenya ko Rodeshiya, inda Turawa suka ƙwace gonaki masu kyau suka zauna, ko a Afirka ta Kudu inda dokar 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ba zai same shi a Funtuwa ba. Manomin Maska ya ci gaba da noma gonar ubansa. Dokar ƙasa ta 1910 ma ta ce filayen Arewa suna hannun Gwamna ne don amfanin 'yan ƙasa, kuma ta toshe hanyar da baƙi za su saye su. Idan "mulkin mallaka" yana nufin baƙo ya zauna a gonarka, to, ba a yi shi a nan ba. Wannan ne ya sa har yau za ka ji dattijo yana cewa ai Bature bai taɓa masa gona ba, kuma ba ƙarya yake yi ba.

To, me aka taɓa? Masaƙun Lankasha a Ingila sun dogara da audugar Amurka, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da audugar ta yanke. A 1902 masu masaƙu da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchester, BCGA, wadda mutanenmu suka mai da "Bisije". Sun ƙwallafa rai a kan ƙasar Hausa, don sun ji labarin ana noman kaɗa ana saƙa tun zamanin da. Abin da ba su lissafa ba shi ne cewa audugar tana da masu ita. Mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, fatake na kai tufafin Kano har hamada da Gwanja. Wannan kasuwa ta gida takan biya fiye da abin da Bisije ke bayarwa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, an ɗauka auduga zai riƙa kwasa, sai manoman Kano suka juya ga gyaɗa, don ta fi kuɗi kuma ana iya cinta idan shekara ta ɓaci. Sai hankali ya koma ga ƙasar laka ta arewacin Zazzau da kudancin Katsina, inda ruwa ya fi yawa kuma auduga ta fi yi.

A nan ne za a ga yadda ake miƙa iko ba tare da an harba bindiga ba. An shigo da irin auduga na Amurka mai suna Allen, mai dogon gashi irin wanda injinan Lankasha suke so. An kafa gonar iri a Daudawa a shekarun 1920. An kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi. An ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma tashar jirgin da gidan gurzar su ne suka ɗaga Funtuwa har ta shafe tsohuwar Maska. An yi dokokin da suka ce wannan iri za a shuka a wuraren da aka keɓe, a fuloti kaza za a sayar, masu lasisi ne za su saya, malamin auduga ne zai duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu. Sama da duka, an ce haraji da kuɗin Bature za a biya shi, wuri ya daina aiki. Lokacin karɓar haraji kuwa yana zuwa ne da kaka, daidai lokacin da auduga ta fashe. Manomi ba ya iya jira farashi ya tashi, dagaci na ƙofar gida. Idan ya karɓi bashi da damina daga ɗan baranda, audugar ta riga ta zama ta wani tun tana fure. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kuma duk wannan da hannun 'yan gida aka yi shi. Turawa sun umarci hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, Galadima a Malumfashi, Sarkin Maska a ƙasarsa. A Katsina aka fara kafa Baitulmali a Arewa, aka sa wa sarki da hakimai albashi daga harajin da suka tara. Talaka bai cika ganin Bature ba. Dogari yake gani, da malamin haraji, da ɗan kamasho mai sikeli. Gona tasa ce, amma abin da zai shuka, da inda zai kai, da nawa za a ba shi, da ranar da dole ya sayar, duk an yanke su a Kaduna da Legas da Manchester. Maigida ne da aka mallake.

Ban ce babu abin da aka samu ba. Harin bayi ya tsaya, hanyoyi sun buɗe, kuɗi ya shigo, wasu manoma sun sayi shanun huɗa sun yi arziki, garuruwa sun cika da baƙi daga ko'ina cikin Nijeriya. Mai son gaskiya zai faɗi wannan. Sai dai samun riba bai amsa tambayar wane ne yake yanke shawara ba.

Wannan labari yana kuma nuna iyakar bayanin Hobson da Lenin, wanda ɗalibai da yawa suka haddace kamar karatun allo. Ba wani jari mai yawa da aka zuba a kudancin Katsina: injinan gurza kaɗan ne, da rumbunan ajiya, da layin dogo wanda gwamnati ta gina. Abin da aka zo nema shi ne ɗanyen kaya mai arha da kasuwar sayar da yadi. Cin ƙasar kansa ma ya fi alaƙa da tseren da ake yi da Faransa bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, tseren da ya bar Katsina a hannun Ingila, Maraɗi a hannun Faransa. Kuma bayanin Lenin yana da wani lahani babba ga mai karatun Littafi Mai Tsarki: idan abin ɗan jari-hujja ne kawai, to, me za mu kira abin da Assuriya da Babila da Roma suka yi?

Kafin Bature, da bayansa

Lugard da kansa bai ɗauki abin da ya yi a matsayin sabon abu ba. A jawabinsa na Sakkwato a Maris 1903 ya kafa hujja da cewa Fulani da yaƙi suka sami ikon naɗa sarakuna da karɓar haraji da mallakar ƙasa, yanzu an ci su da yaƙi, saboda haka ikon ya koma hannun Ingila. Hujjar mai ƙarfi ce ga wanda ya ci, amma tana tona asirin kowa. Tsohuwar sarautar Katsina ta Haɓe ta janyo garuruwan kudu ƙarƙashinta, ta kuma yi ta yaƙi da Kano da Gobir. Masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, aka raba ƙasa tsakanin masu tuta da manyan fada. Waɗanda aka kora suka kafa Maraɗi, suka yi shekaru suna kawo hari, kuma talakan da ke tsakani, Musulmi ko Bamaguje, shi ne ake kamawa. Maguzawa sun zauna a matsayin masu biyan jiziya, an bar su da gonakinsu da al'adunsu amma ba su da murya a fada.

Shin wannan ma mulkin mallaka ne? Idan muna nufin miƙa iko a kan ƙasa da gumin waɗansu, amsar ita ce yana da kashi a ciki, kuma ba sai Kirista ne zai faɗa ba. Shehu Usmanu ya soki sarakunan Haɓe a kan harajin zalunci da ƙwace a littafinsa Kitabul Farƙ. Ƙanensa Abdullahi ya ga yadda wasu mayaƙan jihadi suka karkata ga neman mulki da dukiya, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu ma'aunin a kan wannan, kuma fasto da ya san haka zai yi magana da su da ilimi maimakon gori.

Amma inda nake jan kunnen ɗalibanmu shi ne wannan furuci na "mulkin mallakar Hausa-Fulani". Akwai tarihi na gaske a bayansa. Masanin tarihi Moses Ochonu ya rubuta littafi a 2014 a kan yadda Turawa suka yi amfani da hakimai da ma'aikata daga masarautu don su mulki ƙabilun tsakiyar Nijeriya, kuma duk wanda ya fito daga kudancin Kaduna ya san zafin abin. Sai dai ka ɗauki furucin nan ka hau mumbari da shi a Malumfashi, ka dubi waɗanda ke zaune a gabanka. Hausawa ne. Kakanninsu ne suka biya jiziya, iyayensu ne suka kai auduga fuloti. Maƙwabcinsu Musulmi talaka shi ma haraji ɗaya ya biya, sikeli ɗaya ya cuce su. Kalmar da ta ɗora laifin a kan ƙabila ta mai da wanda aka danne ya zama mai danniya don kawai harshen da yake yi. Kuskure ɗaya ne da na wanda ya kira ka "Nasara".

Zargin da ake yi wa ikkilisiya kuwa yana bukatar amsa ta gaskiya, kuma gaskiyar ba ta wanke kowa tas ba. Da ayarin Bishop Tugwell na CMS ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Wasu 'yan mishan, har da Likita Walter Miller, sun yi maraba da cin ƙasar da aka yi, suna ganin ƙofa ce ta buɗe. Ba daidai ba ne mu ɓoye wannan. Amma Lugard ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba, kuma waɗanda suka gaje shi sun yi shekaru talatin suna hana mishan shiga masarautu. Miller da ya sami zama a birnin Zariya, daga baya an matsar da aikin zuwa Wusasa a 1929. Sai a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare a wurare irin su Babbar Ruga a Katsina, SIM ta sami shiga sosai. Miller kansa ya zama mai sukar mulkin Turawa da na sarakuna, har ya rubuta littafi a 1947 yana tambaya ko Ingila ta gaza a Nijeriya. Wato a wannan yanki injin gurza ya riga majami'ar Hausawa zuwa, kuma gwamnatin da ta share wa auduga hanya ita ce ta tare wa bishara. Duk da haka ɗan mishan ya hau jirgin da Bature ya kawo, ya zauna ƙarƙashin tsaronsa, kuma sau da yawa ya raina al'adun mutanen da ya zo wurinsu. Mai bishara zai iya faɗin duka biyun ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Bayan 1960 tuta ta sauya, tsarin bai sauya nan take ba. Hukumar cinikin amfanin gona ta Arewa, wadda aka kafa a 1954, ta ci gaba da yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta tafi ayyukan gwamnati. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, aka kawo taki da hanyoyin karkara da irin masara, kuma masara ta kafu har ta zama abin da kasuwannin Funtuwa da Ɗandume suka shahara da shi. Masu nazari sun soki shirin da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa daga baya, yadin Sin ya cika Kantin Kwari. A wasu daga cikin waɗannan, maganar Nkrumah ta zauna daram. A wasu kuwa kalmar ta zama mafaka ga shugabannin gida, waɗanda ke nuna Washington da yatsa alhali su ne suka karkatar da takin.

Haka nan ba kowane zalunci ne ya cancanci wannan suna ba. 'Yan bindigar da ke sa wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara kuɗi kafin a yi noma ko girbi suna mamaye ƙasa, suna karɓar abin da suke kira haraji. Yana da kama, amma fashi ne da ya sami wurin zama saboda hukuma ta yi rauni. Idan muka ba shi sunan mulkin mallakar wata ƙabila, mun ba matasanmu dalilin farma makiyayin da shi ma an sace masa shanu.

A mumbarinmu

Littafi Mai Tsarki ba shi da kalma ɗaya ta wannan abu, amma ya zana shi fiye da kowane littafin siyasa. A Ishaya 10 sarkin Assuriya yana fahariya cewa ya kawar da iyakokin al'ummai, ya kwashe dukiyarsu kamar mai kwasar ƙwai a sheƙar da aka bari. Habakuk 1 ya kwatanta Kaldiyawa da masunci mai jan mutane da taru, sa'an nan ya miƙa wa tarun hadaya don shi ke ciyar da shi. Wahayin Yahaya 18 ya jera hajar da ke kwarara zuwa Babila, da zinariya da lilin da alkama da dabbobi, ya rufe jerin da 'yan Adam. Mutumin Funtuwa da ya ga dilolin auduga suna hawa jirgi zai gane wannan sura da wuri. Amma annabawa ba su tsaya a kan baƙi ba. Sama'ila ya gargaɗi Isra'ila cewa sarkinsu na gida zai ɗauki 'ya'yansu da gonakinsu. Sulemanu ya sa mutum 30,000 aikin tilas, kuma nauyin wannan karkiya ne ya raba mulkin bayan mutuwarsa. Ahab, Ba'isra'ile, shi ne ya so ya haɗa gonar Nabot da tasa. Ishaya 5 da Mika 2 suna magana ne da attajiran Yahuza masu haɗa gona da gona. A wurin annabawa abin aiki ne da ake yi, kuma ɗan gida yana iya yin sa.

Wannan ya kawo mu ga harshen da mu kanmu muke amfani da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna shirya "kurusad", kalmar da asalinta sunan yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka kai Gabas ta Tsakiya daga 1096, sa'an nan mu yi mamaki idan mai unguwa ya ɗaure fuska. Muna addu'ar "mamaye gari", muna rera waƙoƙin ƙwace ƙasa, muna ɗaukar Joshuwa mu shimfiɗa shi a kan taswirar jihar Katsina. Mu mun san a ruhaniya muke nufi. Wanda ke jin lasifikarmu daga bayan katanga bai sani ba, kuma tarihin da muka bi a sama ya ba shi dalilin tsoro.

Addu'ar Yabez ita ce misali mafi kusa. Ayoyi biyu ne a 1 Tarihi 4, a tsakiyar jerin zuriyar Yahuza, inda wani mutum ya roƙi Allah ya sa masa albarka ya faɗaɗa iyakarsa ya tsare shi daga masifa. Ɗan littafin da Bruce Wilkinson ya wallafa a Amurka a 2000 ya sayar da miliyoyi, ya mai da ayoyin addu'ar kullum ta neman bunƙasa, kuma daga can ta shigo wa'azinmu. Mai karatu a birnin Amurka yana jin "iyaka" ya tuna da kasuwancinsa ko yawan mutanen da yake tasiri a kansu. Manomin Ƙafur kuwa iyaka a wurinsa ita ce layin gamba da ke tsakanin gonarsa da ta ɗan'uwansa, kuma a ƙasar da gado ya yayyanka gonaki, iyakar wani ba ta matsawa sai ta wani ta ja baya. Littafin bai yi la'akari da wannan ba, kuma bai ajiye addu'ar kusa da Maimaitawar Shari'a 19:14 da 27:17 ba, inda aka hana matsar da alamar iyakar maƙwabci har aka la'anta mai yin haka, ko Littafin Firistoci 25 inda ƙasa ta Allah ce kuma gonar da aka sayar tana komawa ga masu ita a shekara ta hamsin. Fasto da zai yi wa'azi a kan Yabez a gaban dattijon da ke zawarcin gonar gwauruwar ƙanensa, dole ya karanta waɗannan tare.

Haka ma furucin "faɗaɗa Mulkin Allah" da ya zama ruwan dare a rahotannin majalisunmu. Kalmar Girkanci da aka fassara da "mulki", "basileia", ta fi nufin sarautar Allah, wato ikonsa na Sarki, fiye da yanki mai iyaka. Ku bi Linjila huɗu ku lura da aikatau da ke tafiya da ita. Ana shelar Mulkin, ana neman sa, ana shigar sa, ana karɓar sa kamar ƙaramin yaro, ana gādon sa, ana jiran sa, ana addu'a ya zo. Inda ya yi girma, kamar a misalan iri na Markus 4, da kansa yake girma, manomi yana barci yana tashi bai san yadda aka yi ba. Babu inda aka umarci almajirai su faɗaɗa shi. Da 'ya'yan Zabadi suka nemi kujerun dama da hagu, a Markus 10, Yesu ya nuna masu yadda masu mulkin al'ummai suke danne mutanensu, ya ce kada ya zama haka a tsakaninsu. Sau da yawa abin da rahoton yake nufi da faɗaɗa Mulki shi ne ɗarikarmu ta buɗe reshe a ƙauyen da wata ɗarika ta riga ta yi shekara ashirin, ta janye mata iyalai biyar, kuma kuɗin baikon sabon reshen ana aika shi hedkwata a birni, inda ake yanke wane ne zai zama fastonsu da ranar da za a ɗauke shi.